Jinyar Kaji a Ɓoye a Sersouf

Sunana Rakiya, mutuniyar Magariya, a unguwar Sersouf nake zaune cikin Tamanrasset. Ban yi nisa a lekkol, makarantar boko, ba, amma hannuna yana iya rubuta Hausa, kuma abin da ya same ni bai kamata ya tsaya a cikina ni kaɗai ba. Duk macen da ke kiwon kaji a bayan ɗaki a ƙasar mutane ta matso ta ji. Wadda za ta ce jinyar kaza ma har jinya ce, to ta yi dariyarta ta gama. Ni na san abin da ta ci mini.

Maigidana, Baban Balki, magini ne. Ɗaki guda muke haya a bayan gidan Hajja Fatimatu, 'yar asalin garin, wadda uwarta 'yar Agadas ce, shi ya sa take jin Hausa tas. A lokacin Balki tana goye, ko zama ba ta fara ba. Ba mu da takardun zama, kuma duk wanda ba shi da takardu a garin nan abu guda yake tsoro: babbar motar da ake loda mutane a kai su bakin iyaka, a sauke su cikin rairayi, a nuna musu da hannu a ce ga hanyar ƙasarku can. Wata mata da aka taɓa kaiwa ta faɗa mini yadda nononta ya ƙafe a hanya, da abin da ya sami ɗan da take goyo. Tun daga ranar ko ƙarar kamiyo, babbar mota, na ji a lungu sai na tattara Balki na manna ta a ƙirjina.

Ina da kajina, 'yan kaɗan, da zakara guda. Da safe in buɗe musu su fita lungu su yi tono, da yamma su dawo da kansu. Ƙwansu nake sayar wa matan unguwa, in sayi sabulu da gishiri ba sai na miƙa hannu ba.

Rannan Baban Balki ya dawo daga wurin gini da la'asar, ko siminti bai wanke daga hannunsa ba ya kunna rediyo. Aka ce murar tsuntsaye ta shiga ƙasarmu, kuma ba ko'ina ba sai wajenmu, Magariya. Ana ƙona kaji. An ce tana kama mutum, an ce ba ta da magani. Ya kashe rediyon ya dube ni.

"Rakiya, kowa a unguwar nan ya san mu 'yan ina ne. Kazar wani ta yi tari yau, ƙofarmu za a nuna. Kada kajin nan su sake leƙa waje."

Da ragowar tubalin wurin aikinsu ya yi musu akurki a kusurwar tsakar gida. Mutumin kuwa bai iya aikin wasa ba. Ya shafe ƙasan da siminti, sumul, ko ƙwayar yashi bai bari ba, wai don in riƙa wankewa. Har yaba masa na yi, na ce kajin nan sun fi mu samun ɗaki.

Saura abinci. Gero a Tamanrasset daga nesa yake zuwa, mu mutane ma ba kullum muke ganin sa ba. Amma garin nan akwai wata al'ada: ba sa zuba burodi a shara. Ni'imar Allah suke kiran sa. Wanda ya kwana sai a sa shi a leda a rataye a bango ko a jikin ƙarfen wuta, mai dabba ya ɗauka. Na ce ashe Allah ya yanke mini wahala. Kullum in zagaya lungunan in kwaso, in karya shi a roba in zuba ruwa, in bar shi ya jiƙu ya yi laushi. Wanda ya fara kore-kore in kankare in haɗa. In robar ba ta ƙare ba in ƙara sabo a kan na jiya. Da na ga ba sa samun ganye, sai na riƙa sayo musu ciyawar awaki da ake kawowa daga lambunan Abalessa, doguwa mai kara, in jefa musu dami guda su yi ta ja. Suna ci kamar ba gobe, ni kuwa ina jin daɗi.

Wake-wake ce ta fara, babbar kazata mai yawan ƙwai. Wata safiya na buɗe akurki na gan ta a kusurwa ta takure, gashi a tashe, tana miƙa wuya tana karkaɗa shi kamar mai son haɗiye abin da ya ƙi wucewa. Na ɗauke ta. A gaban ƙirjinta, gefen dama, wani kumburi ne ya cika mini tafin hannu, in na taɓa sai ya yi luguf-luguf, ruwa yana motsi a ciki. Da ta buɗe baki wani tsami ya buge ni, irin na gasarar da aka manta da ita a rana. Na ajiye ta, na wanke hannuna da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, har sau nawa ban sani ba, sannan na tsaya ina kallon Balki tana kukan nono na kasa ɗaukar ta.

Mutum ɗaya na iya faɗa wa: Inna Tsahara, tsohuwa 'yar Maradi mai tuyar ƙosai a bakin lungunmu. Ta shigo ta duba, ta matsa kumburin da yatsa.

"Ke dai akwai ki da tsoro, 'yar nan. Wace mura? Maƙarewa ta yi. Kama ƙafafunta ki juya kanta ƙasa, ki matse abin ya fito. Haka muke yi tun kakanni."

Na yi yadda ta ce. Wani ruwa mai ƙasa-ƙasa ya yi ta zuba ta baki har ta hanci. Kazar ta buga fukafukai, ta yi wata shaƙa, ta saki jiki a hannuna. Ko wuƙa ba mu kai ga ɗaukowa ba. Inna ta ce, "To, kwananta ne ya ƙare." Ni kuwa na tsaya riƙe da mushe, zuciyata tana faɗa mini ai rediyo ya ce haka suke mutuwa, farat ɗaya.

Baban Balki ya dawo ya tarar da mushen. Ya sa ta cikin buhun siminti, washegari ya tafi da ita wurin aiki ya binne a ramin harsashin gini. Wani gida yana nan a bayan kasuwa da kazata a ƙarƙashinsa.

Sati na biyu abin ya bi sauran. Wasu nasu kumburin mai ruwa ne, wasu mai tauri kamar dunƙulen fura. Suna sha'awar ci, su zo su tsattsaga su koma. Kashinsu ya ragu, ɗan abin da ke fita ruwa ne tsululu. In ka shafa ƙirjin kaza ƙashin ya yi tsini, nama ya zube, amma kumburin yana nan cike. Ƙwai ya tsaya cak. Daga nan zakara ya daina cara, kuma wallahi shirun nan ya fi komai tayar mini da hankali, don carar zakara duk lungu ake jin ta. Mata suka fara aiko wa a sayi ƙwai, in ce sanyi ne ya hana su. Wata ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙe tana cewa, "Ina zakaranku mai tashin mu salla?" Na ce yana nan, lalaci ne.

Magani kuwa babu wanda ban yi ba. Inna ta ce barkono a ruwa, na daka na ba su. Ta ce toka, na jiƙa. Ta samo mini ɓawon maɗaci wajen wani mai ganye, na dafa. Na shiga farmasi na sayi kafso, mai farmasin ya tambaye ni na wa, na dafa cikina na ce nawa ne, don in na ce na kaji na kashe kaina. Na fasa na zuba musu a ruwa, kumburin ya ƙara tsami. Ɗan abin da na tara na ƙwai duk ya tafi a nan, har 'yan kunnena na azurfa suka bi. Kuma duk wannan jinya da nake yi, da na ga sun rame sai na ƙara musu jiƙaƙƙen burodi, wai abinci mai laushi ya fi dacewa da marar lafiya. Kai, Allah!

Biyu suka ƙara mutuwa, biyu suka ƙara shiga buhun siminti. Hannuwana suka tsattsage don jabel. Ranar da Balki ta yi atishawa na zauna a ƙasa na fashe da kuka, don in zazzaɓi ya kama ta ban san asibitin da zan kai ta ba a tambaye ni takardu ba, ba a tambaye ni ko muna da kaji ba.

A nan muka fara faɗa da Baban Balki.

"A kawar da su duka, Rakiya. In kwashe su in kai bayan gari."

"Ka kwashe su ta ina, Malam? Ta lungun nan, da rana tsaka, buhu yana kuka a kafaɗarka? Ko so kake a ce ga ɗan Magariya can yana zubar da kaji?"

"To mu zauna har wari ya kira mana polis?"

"Ba mura ba ce! Da mura ce da tuni mu ma mun kwanta."

Na faɗa da ƙarfi, amma ni kaina ban yarda da bakina ba. Shi kuma ya daina cin abinci sosai. Ko mota ce ta tsaya a bakin titi sai ya miƙe ya tsaya bayan ƙyaure yana saurare. Mutumin da ke hawa bene na uku a kan katako ɗaya bai ji komai ba, ga shi ya koma haka.

Cikin sati na uku, da hantsi, bayan ya tafi aiki, ina tsugune ina ɗura wa 'Yar Ja ruwa da cokali. Ita ce ƙaramarsu, nata kumburin ya yi tauri kamar dutse. Sai na ga inuwa a kaina. Hajja Fatimatu ce, ta sauko daga shanya a saman ɗaki, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Rakiya, tun yaushe?"

Na saki cokali na kama ƙafafunta. "Hajja, don Allah, don Annabi, ki rufa mana asiri. Ki dubi yarinyar nan. In aka ji, mota za a sa mu."

"Tashi, ke! Sakar mini ƙafa. Tun yaushe, na ce?"

Na faɗa mata. Ta dubi akurkin. Na san abin da take aunawa: gidanta ne, jikokinta suna wasa a tsakar gidan nan. Da ta ce mu kwashe kayanmu a ranar, ba wanda zai ga laifinta.

"Ɗauko jar nan ki sa a kwando ki rufe. Za mu buro, ofishin likitan dabbobi. Ni ke da takardu, kazar tawa ce, ke mai yi mini aiki ce. Kada ki buɗe baki a can."

"Hajja, in suka ce mura ce fa?"

"In mura ce, gara mu sani yau da mu sani ranar da za a ɗauki gawa. Wuce mu tafi."

Na goya Balki, na rungumi kwando. A bakin lungu Inna Tsahara ta tambaye ni ina zuwa, na raɗa mata. Shi ne kuskuren ranar, amma wa ya sani?

Taksi muka shiga da wasu mutum uku. Duk tsawon hanya addu'a nake kada kazar ta yi motsi, Hajja kuwa ta yi ta surutu da direba da ƙarfi don ta rufe duk wani sauti. A buron muka tarar da layi har waje: masu awaki, wani tsoho da ya zo karɓar maganin raƙumi, wani da tunkiyar da ta kasa haihuwa. Muka zauna a rana har inuwa ta juya. A bakin ƙofa akwai mai gadi da kaki, duk lokacin da ya waiwayo sai in ji fitsari ya kama ni. Na tsani layin nan, na tsani ma'aikacin da ke shigar da 'yan uwansa ta baya muna kallo, amma ban isa in ce uffan ba.

Likitan saurayi ne, siriri. Da Hajja ta buɗe kwando ya ga kaza, sai ya ja baya, ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu, ya ce a rufe ƙofa. Na ce shi ke nan, ta ƙare. Ya yi ta tambaya da Larabci, Hajja tana juyo mini da Hausa a hankali kamar tana yi wa 'yar aiki faɗa, ina ba ta amsa a ƙasa-ƙasa. Tun yaushe? Kansu ya kumbura? Tukkunsu ya yi baƙi? Me suke ci? A kan me suke kwana? Da ya ji makonni ake ciki, ya ji burodi, ya ji siminti, sai ya shafa ƙirjin kazar, ya sauke abin da ya rufe baki da shi, ya yi wata 'yar dariya.

"Jabo," in ji shi. Ya nuna kumburin. "Jabo."

Kalmar nan ba za ta fita kaina ba har in mutu. Ashe sunan 'yar jakar nan ke nan da ke gindin wuyan kaza, inda abinci ke tsayawa kafin ya sauka ƙundu. Ya ce mura ba ta jan makonni, tana shiga akurki ta share shi kafin ka juya. Ya ce kaza ba ta da haƙori, da tsakuwar da take tsinta a ƙasa take niƙa abinci, mu kuwa mun ɗora su a kan siminti mun hana su. Doguwar ciyawa ta naɗe a jakar ta toshe hanya, jiƙaƙƙen burodi ya taru a kai ya yi tsami ya ruɓe. Da yunwa suke mutuwa, jaka cike.

Ya sa Hajja ta riƙe ta, ya fige gashin wurin, ya tsaga kaɗan. Abin da ya ciro, wani curi ne na ciyawa a murɗe kamar igiya, haɗe da ƙullun burodi mai wari. Ya wanke, ya ɗinke, ya shafa magani. Ya ce a kawo sauran gobe. Bai tambayi sunana ba. Allah ya yi wa saurayin nan albarka, shi da uwar da ta haife shi.

Ban san lokacin da muka iso Sersouf ba. Dariya nake a taksi kamar taɓaɓɓiya, ina ta shirya yadda zan tsokani Baban Balki da simintinsa. Na tura ƙofa ina cewa, "Malam, fito ka ji!"

Akurki a buɗe. Babu kaza ko ɗaya. An wanke ƙasan da jabel, bai ma bushe ba.

Inna Tsahara ta shigo tana tafa hannu. Ashe ranar siminti bai iso wurin aikinsu ba, aka sallame su da wuri. Ya dawo bai same ni ba, ya tambaye ta, ta ce masa ai na tafi buron gwamnati da kaza, ni da Hajja. Bai tsaya jin sauran ba. A ransa yanzu ma'aikata za su biyo mu su duba gidan. Ya tura kajin cikin buhu biyu, ya wanke wurin, ya saɓa ya nufi kori, busasshen rafin da ke bayan gari, don in sun zo su tarar babu komai.

Kori kuwa nan baƙin da ba su da ɗaki suke fakewa a gindin duwatsu, kuma ranar ce aka zagaye wurin. Wani abokin aikinsa da ya tsira ya zo da la'asar ya faɗa mini. Ya ce ya hango shi daga nesa, ana tura shi cikin mota, buhunan suna ƙasa suna motsi. Ya ce bai yi gardama ba. Da aka tambaye shi inda yake zaune, ya ce ba shi da kowa a garin.

Ba zan iya rubuta makonnin da suka biyo baya dalla-dalla ba. Hajja ta hana ni fita neman sa, ta ce in na je ni ma can zan kwana. Ita ta ciyar da mu, ita ta riƙa aika ɗanta tasha yana tambayar direbobin da suka fito daga kudu. Inna Tsahara kullum sai ta aiko da ƙosai, ni kuwa na daɗe ban iya kallon fuskarta ba, ko da yake na san ba da mugunta ta yi ba. Na zauna da jaririya da kaza guda mai ɗinki a ƙirji. Ruwa na fara ba ta, sannan dafaffen ƙwai kaɗan-kaɗan yadda likita ya ce, sannan tsaki. Na ɗauki taɓarya na farfasa simintin akurkin da hannuna, na kwaso yashi mai tsakuwa na zuba. Kowace safiya kafin in ba ta komai sai in shafa ƙirjinta, in ji jakar ta sauka. Ta warke sarai.

To 'yan uwana mata, ku ji da kyau. In kun tsare kaji, ku zuba musu tsakuwa. Ciyawa ku yayyanka ta ƙanana. Burodin bango in ya yi kore ku bar shi a bangon, mai kyan ma kaɗan, kuma kada ya kwana a ruwa. Ku shafa ƙirjin kaza da safe kafin ta ci: in a cike ta kwana, akwai matsala. Kada ku juya kanta ƙasa ko wa ya ce. Kuma ku tambaya tun da wuri, ku nemi mai takardu ya shige muku gaba. Ni na yi makonni ina ɓoye abin da likita ya gane kafin ya gama sa safar hannu.

Balki ta fara rarrafe ranar da wani direban kamiyo ya yi sallama a ƙofar Hajja, ya ce wace ce Rakiya 'yar Magariya. Na fito ba mayafi. Ya ce ya ga maigidana a Arlit, can ƙasarmu, yana da rai. Ƙafafunsa ne suka fashe a tafiyar rairayi, yana kwance a gidan wasu 'yan garinmu, bai san ranar da zai iya tsallakowa ba. Ya ce yana gaishe ni, yana gaida yarinya.

Direban ya juya zai tafi, sai ya dawo ya rage murya.

"Ya ce kuma in tambaye ki a asirce, kada kowa ya ji. Wai murar ce?"

Na dafa bango.

"Ka ce masa a'a. Ka ce masa burodi ne."